Kanwa da Rabon Mol: Darasin da Aka Mayar Hadda

Duk shekara, idan lokacin jarrabawar WAEC da NECO ya zo, ɗaliban kimiyya na ajin ƙarshe a Gwarzo da Kabo, da na garuruwan da ke kewaye da su irin su Kara da Getso da Garo, sukan tarar da tambaya guda da ba ta fashi a jarrabawar aikin hannu ta kemistiri. Za a ajiye musu ruwa iri biyu, ɗaya asid ɗaya alkali, a faɗa musu ƙarfin ɗaya, a ce su gano ƙarfin ɗayan. Wannan aiki shi ne taitireshan. Da Hausa ana iya kiransa awon ɗigo, domin ɗigo-ɗigo ake zuba ruwan da aka san ƙarfinsa a cikin wanda ba a sani ba, har su cinye juna. Galibin ɗalibai suna shiga ɗakin jarrabawa da dabara guda a ka, wadda suka rera har ta zauna: CaVa bisa CbVb daidai yake da na bisa nb. Da dama sukan ci makin. Kaɗan ne za su iya bayyana abin da na da nb suke nufi, alhali kuwa waɗannan haruffa biyu su ne dukan darasin.

Awon ɗigo yana cikin 'yan abubuwan da ke manhajar sakandare waɗanda yaro zai iya ɗauka kai tsaye ya shiga da su kasuwa. Ya kamata a koyar da shi da kayan da ke kasuwar, wato kanwa da tsamiya da nono da man gyaɗa, a kuma sa rabon mol a tsakiyar koyarwar. Muddin hadda ce ta tsaya a madadinsa, makaranta za ta ci gaba da yaye masu takarda waɗanda ba za su iya auna ƙarfin ƙullin kanwa ɗaya ba.

Abin da madafi ya riga ya sani

Uwargidan da ke dafa miyar yakuwa, idan tsami ya yi yawa, takan jefa 'yar kanwa. Miyar ta taso da kumfa, kumfar ta kwanta, tsamin ya mutu. Idan hannunta ya zarce, miyar ta yi baƙi, ɗanɗanon kanwa ya fito. Abin da ya faru a tukunyar shi ne abin da ake so ɗalibi ya yi a kwalbar gwaji. Tsamin yakuwa asid ne. Kanwa alkali ce. Kumfar kuwa iskar kabon dayoksaid ce da ke fita yayin da suke cin juna. Akwai kuma wani matsayi da babu ragowar tsami, babu ragowar kanwa, wanda shi ne magaryar awon. Har launin da ke nuna an iso wurin ma ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Jan ruwan zoɓo, idan kanwa ta shige shi, yakan dushe ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ya yi kore. Sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauya kama gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, kuma aikin manuni ke nan a ɗakin gwaji.

Ana cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kimar ido takan wadatar a tukunyar gida ɗaya. Takan gaza idan aka zo ga ganga ɗari ta mai, ko buhun kanwar da za a biya kuɗinsa, ko nonon da za a ɗora a mota zuwa birni. A nan lamba ake bukata, wadda mai saye da mai sayarwa za su iya maimaitawa su samu abu ɗaya.

Daga irin wannan bukata aka ƙago awon ɗigo tun asali. A 1756 wani likita ɗan Sukotlan, Francis Home, ya bayyana yadda yake gwada ƙarfin tokar da masu wanke yadi suke saye: yana zuba asid cokali-cokali, yana ƙirga cokulan har kumfa ta daina tashi. A 1806 Descroizilles, masanin haɗa magunguna a birnin Rouen na Faransa, ya fito da bututun gilashi mai zane-zanen awo domin a gane ingancin soda da gishirin toka da ake ciniki. Gay-Lussac ya gyara bututun a 1824, sannan Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya ba shi kamar da aka san biyuret da ita, ya kuma wallafa littafinsa kan wannan awo a 1855. Ita kanta kalmar alkali daga Larabci ta fito, daga sunan tokar tsirrai, kuma ba ta da dangantaka da alƙalin kotu. Wato 'yan'uwan kanwa da ruwan toka suna cikin abubuwan da aka fara aunawa da wannan dabara, saboda ciniki, tun kafin ta zama tambayar jarrabawa.

Mol ƙidaya ce, rabo kuma sharaɗin haɗuwa ne

Sinadarai ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa. Ba ruwansu da nauyi ko cikar kwano. Mudun gero da mudun masara cika ɗaya ne, amma adadin ƙwayoyinsu ya yi nisa da juna. Tun da ƙwayoyin sinadari sun fi ƙarfin ido, sai aka yi musu babban dami na ƙidaya, kamar yadda dozin yake nufin 12. Damin shi ne mol, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyi kimanin 6.022 × 10²³. Ƙarfin ruwa kuwa shi ne yawan mol da ke narke a cikin lita ɗaya. Don haka idan aka ninka ƙarfi da yawan litar da aka zuba, an san mol nawa suka shiga kwalba.

Saura tambaya mafi muhimmanci: ƙwaya nawa ta asid ke cinye ƙwaya ɗaya ta alkali? Manomi ya san irin wannan lissafi. Garma ɗaya shanu biyu ke janta, don haka wanda ya hango shanun huɗa 12 a fili ya san garma 6 ke aiki. Tukunya ɗaya duwatsun murhu uku take hawa, wanda ya ƙirga duwatsu 30 a gidan biki ya san tukwane 10 aka ɗora. Mai awon ɗigo ma abin da yake iya gani yake ƙirgawa, sannan ya yi amfani da rabo ya gano abin da ba ya gani. Ana karanto rabon ne daga daidaitaccen jadawalin haɗuwar sinadaran.

Ga misali. A ɗebi mililita 25.0 na ruwan kostik soda, NaOH, irin wadda masu sabulu suke amfani da ita, ba a san ƙarfinsa ba. A zuba masa asid ɗin HCl mai ƙarfin mol 0.100 a lita, launi ya juya bayan mililita 22.5. Mataki na farko, mol ɗin asid: 0.100 sau lita 0.0225, ya ba da 0.00225. Mataki na biyu, rabo: HCl ɗaya NaOH ɗaya yake cinyewa, don haka mol ɗin sodar ma 0.00225 ne. Mataki na uku, a raba da lita 0.0250, a samu mol 0.090 a lita. Tun da mol ɗaya na NaOH giram 40 ne, ruwan yana ɗauke da giram 3.6 a kowace lita.

Yanzu a sauya abu ɗaya tak. A ce asid ɗin H₂SO₄ ne, wato na ruwan batir, da ƙarfi ɗaya, kuma mililita 22.5 ɗin nan ya ci. Kowace ƙwayarsa tana sakin haidirojin biyu, don haka tana cinye NaOH biyu. Mol ɗin sodar ya zama 0.0045, ƙarfinta ya zama 0.180. Karatun biyuret bai sauya ba, launi bai sauya ba, amsa ta ninka. Ɗalibin da ya riƙe matakai ukun nan zai iya sake gina dabarar CaVa da kansa ko da ya manta ta. Wanda dabarar kaɗai ya riƙe, da zarar an kawo sinadarin da bai taɓa gani a tsofaffin tambayoyi ba, sai ya koma canka.

Abin daɗin shi ne, kasuwar ƙauye ta tanadi rabo ɗaya da biyu da uku a jere. Tsamin nono da kindirmo asid ɗin laktik ne, mai sakin haidirojin ɗaya. Babban tsamin tsamiya asid ɗin tatarik ne, mai sakin biyu. Na lemun tsami asid ɗin sitirik ne, mai sakin uku. Malamin da ya ajiye ƙwarya uku a gaban aji, ya sa aka auna su da soda iri ɗaya, ya koyar da rabon mol ta hanyar da allo ba zai iya ba.

Kanwa a gaban biyuret

Kanwa tsohuwar haja ce a ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe suna ɗauko ta daga Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi, su sauke a Kano, wasu su wuce da ita har Gwanja su sayo goro. Dillalai sun bambanta farar kanwa da jar kanwa da ungurnu, kowace da farashinta da aikinta. Turancin kasuwa yana kiranta da sunan gishirin toka mai fotasiyam, amma galibin ƙarfinta na sodiyam ne. Babban ma'adinin da ke cikinta shi ne tirona, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O, gauraye da yashi da laka da gishiri, kuma gaurayen yana bambanta daga ƙulli zuwa ƙulli. Ruwan toka, wanda ake tacewa daga tokar kara, shi ne mai fotasiyam.

Tirona ita ce tukunyar da ke hawa duwatsu uku. Ɓangaren Na₂CO₃ yana cin HCl biyu, ɓangaren NaHCO₃ yana cin ɗaya, jimla uku. Nauyin mol ɗinta giram 226 ne: 106 da 84 da 36 na ruwan da ke ɗaure a jikinta. A ɗauka an auna giram 5.00 na dakakkiyar kanwa, an narka, an tace, an cika ruwan zuwa mililita 250. An ɗebi 25.0, an ɗiga manunin metil orenj, an zuba HCl mai ƙarfin 0.200, launi ya juya a mililita 24.0. Mol ɗin asid 0.0048 ke nan. A raba uku, tirona ta zama mol 0.0016, wato giram 0.362. Tun da kashi ɗaya cikin goma aka ɗiba, dukan kanwar tana da giram 3.62 na tirona cikin 5.00, kimanin kashi 72 cikin 100.

Lambobin misali ne, amma abin da suke nunawa ya tabbata. Wanda ya ɗauki kanwa a matsayin Na₂CO₃ zalla, ya sa rabon biyu, zai ce kashi 51. Wanda ya sa rabon ɗaya da ɗaya saboda shi ya fi sabawa da shi, zai samu giram 10.8 na tirona a cikin kanwar da dukanta giram 5 ce, kuma idan hadda ce kaɗai jarinsa, zai ja layi biyu a ƙarƙashin amsar ya miƙa takarda. Akwai ma hanyar bincikar rabon. Idan aka fara da manunin finoftalin, jan launinsa zai ɓace tun asid bai kai ƙarshen aiki ba, sannan a ɗiga metil orenj a ƙarasa. A tirona tsantsa, zangon farko kashi ɗaya cikin uku ne na dukan asid ɗin. Idan ya fi haka ko ya gaza, kanwar ta faɗi da bakinta cewa haɗinta daban ne.

Abin da ke bisa ma'auni

Lafiya tana ciki. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Davidson da Parry, sun rubuta game da yawan ciwon gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya jawo hankali ga wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki. Ko ina muhawarar ta tsaya, lissafin sodiyam yana nan daram. Kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin tirona sodiyam ne. Giram 10 na kanwa irin ta misalin da ya gabata suna ɗauke da kimanin giram 2.2 na sodiyam, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 2 a rana daga dukan abincinsa. Wannan ma ban da gishirin da ke gauraye a cikin kanwar, wanda awon asid ba ya ganinsa. Ma'aikaciyar lafiyar da ta ce wa mai jego ta rage kanwa, za ta fi samun kunne idan tana iya faɗin nawa ne ya yi yawa, da kuma wace irin kanwa.

Ciniki ma yana ciki. Matan da ke matsar man gyaɗa suna toya ƙuli-ƙuli a gidajen wannan yanki sun san mai yana lalacewa idan ya daɗe ko gyaɗar ta sha danshi. Abin da ke faruwa shi ne mai yana warwarewa yana sakin asid, kuma da awon ɗigo ake gane yawansa. Ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta sa iyakar miligiram 4.0 na KOH ga kowane giram na man da ba a tace a masana'anta ba, da 0.6 ga tatacce. Idan giram 10 na mai ya ci mililita 5.0 na KOH mai ƙarfin 0.100, mol 0.0005 ke nan, wato miligiram 28, ko 2.8 a kowane giram, ya tsallake ke nan. Ƙungiyar matan da ke da wanda zai yi mata wannan awo kafin ta ɗora jarkoki zuwa Kano tana da abin faɗa idan ɗan kasuwa ya ce man ya tsufa don ya karya farashi. Haka nono: sabon tatso tsaminsa bai kai kashi 0.2 cikin 100 na asid ɗin laktik ba, yogot kuwa ana so ya kai aƙalla 0.6. Mai tara madara daga rugage yana bukatar sanin wace ce ta fara juyawa kafin ya haɗe su a tanki ɗaya. Mai haɗa sabulu yana bukatar sanin ko sodar da ya saya ta sha iska ta yi rauni. Duk waɗannan awon minti goma ne ga wanda ya iya.

Uzurorin da ake kawowa

Uzuri na farko shi ne kayan aiki. Gaskiya ne akwai makarantun da biyuret ba ya fitowa daga kabad sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, wasu ma aro suke yi. Gaskiya ne kuma dole ɗalibi ya riƙe biyuret da fifet na ainihi kafin ranar. Sai dai fahimtar rabo ba ta jiran gilashi mai tsada. Sirinji mai mililita 10 daga kemis, da ƙaramin ma'aunin lantarki irin na masu sayar da gwal, da asid mai rauni da malami ya tsarma da kansa, sun isa a yi gwaji goma kafin a taɓa biyuret. Jiƙon zoɓo ɗigo kaɗan yana iya tsayawa a matsayin manuni a gwajin asid da soda masu ƙarfi, ko da yake juyawarsa ba ta kai ta manunin kanti kaifi ba. Kwatanta su biyun ma darasi ne mai zaman kansa.

Uzuri na biyu shi ne kanwa da tsamiya ba tsantsa ba ne, amsarsu ba za ta fito a gyare ba. Wannan shi ne amfaninsu. A jarrabawa, malami ne ke haɗa ruwan bisa umarnin hukuma, ya yi awonsa, a gwada na ɗalibai da nasa. Tsarin yana da dalilinsa, amma yana koya wa yaro cewa amsa tana aljihun wani, aikinsa kawai ya kusance ta, kuma daga nan ne ɗabi'ar rubuta lambar da aka ji a bakin taga take samo asali. Kanwar da aka sayo a kasuwar Getso da safe, babu wanda ya san ƙarfinta, har malamin. Idan rukuni uku suka samu 70 da 72 da 85, dole aji ya zauna ya gano wa ya zarce da ɗigo, wa ya karanta biyuret a karkace. A nan ake koyon maimaita awo har karatu biyu su yi kusa da juna, a kuma rubuta abin da ido ya gani.

Uzuri na uku shi ne lokaci, wai manhaja ta yi yawa, maki ake nema. Amma tambayar awon ɗigo ba ta tsayawa a cika tebur. Takan nemi ƙarfi a mol, da ƙarfi a giram, da kason tsarki, da yawan ruwan da ke ɗaure a jikin gishiri. Duk matakai ukun nan ne a cikin riga daban-daban. Ɗalibin da ya taɓa fitar da kashi 72 daga ƙullin kanwa ya riga ya amsa tambayar kason tsarki da hannunsa.

Jihar Kano ta taɓa nuna abin da niyya take iya yi a wannan fage, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Abin da ake nema a nan bai kai wannan tsada ba. Malaman kemistiri na Gwarzo da Kabo suna iya ware mako biyu a aji biyar, su hana rubuta dabarar CaVa har sai kowane ɗalibi ya iya matakai ukun da baki. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka saba gyara rufi da fenti, suna iya sayen biyuret goma da ma'auni ɗaya, da sharaɗin a riƙa amfani da su tun zangon farko. Ma'aikatan da suka fito daga waɗannan garuruwa, idan suka je gida hutu, suna iya tambayar ƙannensu abin da na da nb suke nufi kafin su tambayi sakamako.

Idan aji ɗaya a Kara ya auna kanwa iri uku da ake sayarwa a kasuwar da ta fi kusa da shi, ya rubuta sakamakon a takarda ɗaya, ya kai kwafi asibitin garin da wurin masu sayarwa, ya samar da bayanin da mai jego da mai sabulu da mai dabbobi za su amfana da shi. Aji mai zuwa sai ya ɗauki man gyaɗa.